Yadda Ake Wasan Madubi da Wasan Launi da Jarirai Don Su Gane Kansu

Mata da yawa a garin Bauchi, musamman malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na ofisoshin gwamnati, suna komawa bakin aiki ne tun jariransu ba su wuce wata uku ko huɗu ba, sai su kai su gidan reno, ko su bar su a hannun kaka ko wata 'yar'uwa da ke zaune a gida. Abin da aka fi sa wa ido a wajen mai reno shi ne ci da barci da tsarki, kuma hakan daidai ne. Sai dai akwai wani aiki da yaro yake yi a cikin waɗannan watanni wanda ba a cika kula da shi ba, wato gano cewa hannun da yake gani yana motsi nasa ne, fuskar da ake shafawa tasa ce, sunan da ake kira kuma shi ake nufi. Mai reno tana iya taya shi wannan aiki da madubi guda da ɗan talge mai launi, ba tare da an kashe wani kuɗin kirki ba, muddin ta san abin da ya dace da kowane wata da kuma abin da bai kamata ya kusanci yaron ba.

Abin da ya kamata a sani kafin a fara

A shekarar 1970 wani masani a Amurka mai suna Gordon Gallup ya shafa wa birai nau'in cimfanzi jan launi a gira da kunne suna cikin barcin allura, da suka farka suka dubi madubi sai suka kai hannu wurin da aka shafa a jikinsu. A 1972 Beulah Amsterdam ta fitar da sakamakon irin wannan gwaji da ta yi wa yara 88 'yan wata 3 zuwa 24, inda ake ɗiga wa yaro jan kwalliya a gefen hanci a ajiye shi gaban madubi. Ta ga cewa ɗan wata 6 zuwa 12 yana ɗaukar wanda yake gani a madubi tamkar wani yaro abokin wasa, yana yi masa dariya da gwaranci. Bayan an shiga shekara ta biyu sai wasu su fara noƙewa suna kau da kai, sannan daga wata 20 zuwa 24 akasarin yaran suka riƙa kai hannu hancinsu. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa wasu yaran sukan fara tun suna wata 15, kuma da wuya a ga haka kafin nan. Saboda haka duk wadda ta ce ɗanta ɗan wata 8 ya san kansa a madubi domin yana washe baki, so ne ya sa ta faɗa, shi dai murnar ganin baƙo yake yi.

Amma sanin jiki ya riga sanin fuska. Philippe Rochat da Susan Hespos sun nuna a 1997 cewa jariri sabon haihuwa ya fi juyo da baki neman nono idan yatsan wani ne ya taɓa masa kunci fiye da idan hannunsa ne ya taɓa, wato tun ranar farko yana bambance taɓawar kansa da ta wani. A 1985 kuma Lorraine Bahrick da John Watson sun gano cewa ɗan wata 5 yana bambance hoton ƙafafunsa da ke motsi daidai lokacin da yake motsa su da hoton ƙafafun wani jariri. Abu biyu ne suka fi amfani ga mai reno a nan. Na farko, wani bincike na 1986 da aka yi a kan 'ya'yan Larabawa makiyaya da ba su saba da madubi ba ya nuna cewa sun gane kansu kusan lokaci ɗaya da 'ya'yan birni, ke nan yawan kallon madubi shi kaɗai ba ya gaggauta komai. Na biyu, masu bincike a Jami'ar Texas da ke Austin sun ba da rahoto a 2024 cewa yaran da aka riƙa manna wa wani ɗan abu mai girgiza a goshi da kunci tun suna kimanin wata 14, suna kai hannu suna taɓawa a gaban madubi, sun riga sauran gane kansu da kusan wata 2. Abin da ke aiki shi ne haɗuwar ji a fata da gani da ido a lokaci guda, kuma a kan wannan aka gina duk abin da ke tafe.

Madubin da za a nema da inda za a kafa shi

Madubin kwalliya na ɗakin uwa, wanda yake haɗe da durowa, ba shi ne na wannan aiki ba. Ya yi tsawo ga mai rarrafe, gilashi ne mai fashewa, kuma yaron da ya fara miƙewa yana iya kama durowar ya janyo ta a kansa. A nemi madubin roba, a tambayi masu yankan gilashi ko masu sayar da kayan wasan yara a kasuwar Wunti. Wanda tsawonsa ya kai santimita 60 zuwa 90 ya isa yara biyu ko uku su zauna a gabansa. Da yake na roba yana lanƙwasa ya karkatar da fuska, sai a sa kafinta ya manna shi a kan allon katako mai santsi, ya goge kusurwoyin, ya ɗaure shi da noti a bango a kwance, ƙasansa kusa da daɓe, yadda jaririn da ke kwance rub da ciki zai ga fuskarsa idan ya ɗago kai. Kada a jingina shi kawai. Kada kuma ya fuskanci taga ko ƙofar da rana take shigowa, domin hasken zai dawo wa yaron a ido.

Inda ba a samu na roba ba, tiren silba sabo mai shimfiɗaɗɗen ciki yana yi, kuma ga ɗan wata huɗu ya wadatar. Kwano mai zurfi da bayan cokali suna murɗa fuska, saboda haka a bar su sai yaro ya girma, lokacin da abin zai zame masa abin dariya. Idan dole sai na gilashi, to ya zauna a hannun babba, a ɗauke shi da zarar an gama.

A wasu gidaje kaka takan hana a nuna wa jinjiri madubi. Ba a samu wata cuta da madubi yake jawo wa jariri ba, amma bai dace mai reno ta yi gaban kanta a kan ɗan mutane ba. Ta yi bayani cikin ladabi, ta ce, «Inna, na minti biyar ne da safe, kuma yana kan cinyata,» ta kuma gayyace ta ta zauna ta gani. Idan aka ƙi, sai ta bar madubin ta riƙe tausa da wasan launi, domin rabin amfanin yana can.

Daga haihuwa zuwa wata shida

Jariri sabon haihuwa ya fi ganin abin da ke nesa da shi da santimita 20 zuwa 30, kwatankwacin tazarar fuskar uwa idan tana shayarwa. A wannan lokaci fuskar mai reno ta fi kowane madubi. Ta sa shi a cinya suna fuskantar juna, idan ya buɗe baki ta buɗe, idan ya yi ƙara ta maimaita masa, sannan ta yi shiru ta jira ya sake. Wannan jiran shi ne abin da manya suka fi kasawa, domin mun saba da yi wa jariri surutu ba tsayawa, alhali shi yana buƙatar daƙiƙoƙi kafin ya mayar da martani.

Tausar da iyayenmu suke yi wa jariri da man kaɗe bayan wanka ita ce darasin farko na sanin jiki, abin da za a ƙara kawai shi ne magana. Ana murza hannu ana cewa «ga hannun Abba», ana murza ƙafa ana cewa «ga ƙafar Abba», a haɗa masa tafin hannunsa biyu su taɓa juna, a kai hannunsa ya kama yatsun ƙafarsa. Daga wata biyu zuwa uku, idan wuya ya fara ƙwari, sai a riƙa kwantar da shi rub da ciki a kan tabarma mai shimfiɗa a gaban madubi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce jaririn da bai fara rarrafe ba ya samu aƙalla minti 30 na irin wannan kwanciya a yini, a rarrabe, idonsa biyu. A fara da minti biyu ko uku, ba kuma nan da nan bayan shan nono ba. Mai reno ta kwanta a gefensa yadda fuskokinsu biyu za su fito, ta ƙwanƙwasa madubin da farce ya ɗago. Idan barci ya ɗauke shi a juya shi rigingine, domin a bayansa ake so jariri ya yi barci.

Kafin wata shida babu abin da zai shiga bakin yaro sai nono da maganin da likita ya rubuta, saboda haka wasan launi bai zo ba tukuna. Abin da ya dace shi ne ƙyallaye masu bambancin taushi: guntun atamfa da aka wanke, shadda, tawul, da faifai mai tsabta wanda ba shi da tsinken da ya fito. A goga masa kowanne a tafin ƙafa da bayan hannu a hankali, ana kallon fuskarsa. Idan ya janye ƙafa ko ya kau da kai, ya ce ya isa ke nan.

Sunan da za a kira shi da shi

Wannan magana ƙarama ce a ido amma tana ɓata aiki. Yaro ɗaya a Bauchi yakan samu sunan yanka da laƙabi biyu ko uku, musamman idan sunan kaka ya ci, a gida ana ce masa Abba ko Baffa, ita kuma Ummi ko Nana, a gidan reno kuwa ana kiran sunan da ke cikin rajista, wanda bai taɓa jin an kira shi da shi ba. Ranar farko mai reno ta tambayi uwa, «Maman Ummi, da wane suna kuke kiranta a gida?» ta kuma riƙe wannan sunan a gaban madubi. Uwar da ke alkunyar ɗan fari, kamar yadda aka saba a gidajen Fulani da na Hausawa da yawa, ba sai an matsa mata ta kira sunan ba. Ta yi amfani da laƙabin da bakinta ya saba da shi, ko goggo ko kaka ta karɓi wannan ɓangaren. Haka nan idan a gida Fulatanci ko Jaranci ko Sayanci ake yi wa yaro, a faɗi sunan hanci da baki da kunne da harshen gida da kuma Hausa, jin harshe biyu ba ya ruɗa shi.

Haɗa launin da ba ya cutarwa

Daga wata shida, bayan yaro ya fara cin abinci kuma yana iya zama, sai a shigo da launi. Ƙa'idar guda ce: duk abin da aka ajiye a gaban ɗan ƙasa da shekara biyu, a ɗauka cewa zai kai shi baki, don haka fentin makaranta da alli da tawada ba su da wuri a nan. A dama cokali 5 ko 6 na garin masara ko na shinkafa mai laushi da ruwan sanyi kaɗan, a zuba cikin tafasasshen ruwa kofi 2, a yi ta juyawa kamar ana talge na minti biyar, har ya yi kaurin da zai tsaya a cokali. Dahuwar dole ce, domin ɗanyen gari yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Gasara ma tana yi, amma a kula, wadda ake saya a unguwa galibi an niƙa ta da citta da kanumfari, wani lokaci har da barkono, kuma yaron da ya dangwala hannu a ciki zai murza ido. A tace ta gida ba yaji. Kada a sa gishiri ko sukari, kada kuma a sa zuma, domin zuma tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri ɗan ƙasa da wata 12.

Idan ya huce sai a raba shi a ƙananan kwanoni. Ja yana fitowa daga ruwan zoɓo da aka tafasa ba kayan haɗi, cokali ɗaya ko biyu sun isa. Ruwan ɗorawa yana fitowa daga dafaffiyar kabewa ko karas da aka murƙushe aka tace da rariya. Kore kuma daga alayyahu ko zogale da aka dafa aka daka, ko ɗan garin kuka, wanda yake ƙara yauƙi da santsi, abin da wasu yaran suke so ƙwarai wasu kuma suke ƙyama. Duk waɗannan ana samunsu a kasuwar Muda Lawal da kuɗi kaɗan. A haɗa na yini ɗaya kawai, domin a zafin Maris da Afrilu talgen da aka dafa da safe yakan yi tsami kafin la'asar. Kada a sa gyaɗa ko ƙwai ko madara sai an tambayi uwa ko yaron ya taɓa ci lafiya, kuma duk wani sabon abu a fara shafa kaɗan a damtsensa a jira a gani ko fata za ta yi ja.

Abu biyu da ke kusa da hannun kowace mace ya kamata a nisanta su da wannan wasa. Kwalli na dutse yakan ƙunshi gubar dalma mai yawa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri da gubar ta hau jininsa saboda kwallin da aka kai daga Nijeriya, wanda aka auna aka ga fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce, kuma ba mu manta da yara fiye da 400 da gubar dalma ta wuraren haƙar zinariya ta kashe a Zamfara a 2010 ba. Lalle kuma, ko da na gargajiya ne, yana iya farfasa jinin jaririn da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD mai kare ƙwayoyin jini, matsalar da take da yawa a Nijeriya kuma iyaye ba su cika sanin ɗansu yana da ita ba. Baƙin lalle da ake haɗawa da rinin gashi ya fi muni, domin yana ƙona fata.

Yadda ake zaman wasan

A zaɓi lokacin da yaro ya yi barci ya tashi kuma ya ƙoshi, hantsi ya fi. A shimfiɗa tsohuwar ledar ɗaki a gaban madubi, a tuɓe masa riga a bar shi da famfas, a zaunar da shi, mai reno tana bayansa ko gefensa. A zuba cokali biyu na launi ɗaya a kan tire, launi ɗaya tak a ranar farko. Sannan a ƙyale shi.

Abin da akan gani shi ne yaro ya zuba wa abin ido na ɗan lokaci, ya miƙa yatsa ɗaya ya dangwala, ya janye da sauri, ya ɗaga yatsan kusa da fuskarsa yana juya shi yana kallon jan da ya manne. Wannan kallon yatsa shi ne ainihin abin da ake nema, kada a katse shi da tafi ko da kiran wata ta zo ta gani. Daga nan yakan kai baki, ya yamutsa fuska saboda tsamin zoɓo, sannan ya buga tafin hannu gaba ɗaya a tiren. Idan ya bar shaidar hannunsa a kan tire ko a cinyarsa, mai reno ta nuna ta ce, «Hannun Abba ne ya yi wannan.» Kada ta kama hannunsa ta dangwala masa da ƙarfi don a samu hoton hannu mai kyau da za a nuna wa uwa. A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a gidajen reno: takarda ta fito tsaf, amma babba ce ta yi aikin, yaron kuwa kuka kawai ya samu. Wanda yake ƙyamar danƙo a ba shi ludayi ko muciya ƙarama ya taɓa da ita, ko a zuba launin a leda mai zif a manne ta a ƙasa da salatif ya danna ta waje, a ɗauke ledar da zarar an tashi domin kada ya ja ta a fuska.

Minti biyar zuwa goma sun isa ɗan ƙasa da shekara. Sau biyu ko uku a mako ya fi kullum, don kada abin ya gundure shi, ita ma mai reno wanki bai yi mata yawa ba.

Daga wata tara zuwa goma sha biyu sai a fara haɗa launin da madubin kai tsaye. A shafa ɗan talge a jikin madubin daidai inda fuskarsa take, a bar shi ya share da hannu fuskar ta bayyana. A tsaya a bayansa a ɗaga wani abin wasa ta saman kansa ba tare da ƙara ba, a ga ko zai miƙa hannu cikin madubi ko zai waiwayo. Waiwayen yana nuna ya fara fahimtar cewa madubi yana nuna abin da ke cikin ɗakin ne, kuma yakan zo kafin gane fuska. A wannan lokacin ne ƙiwa take tsananta, saboda haka wadda yaron ya saba da ita ce za ta zauna da shi.

Bayan shekara guda sai a koma kan fuskar kanta. Mai reno ta dangwali launi mai ɗan sanyi ta ɗiga masa a kunci yana kallon madubi, yadda zai ji sanyin a fata a daidai lokacin da ya ga ɗigon ya bayyana, ta ce, «Ina kuncin Abba?» ta jira. Idan ya kai hannu madubi, kada ta ce ya yi kuskure, ta taɓa kuncinsa a hankali ta sake jira. Gobe a yi goshi, jibi haɓa. Ta ɗiga wa kanta ma a hanci ta bar shi ya goge mata, domin yara sukan fara lura da tabo a fuskar wani kafin tasu. Hula da ɗankwali da ake sa wa a cire a gaban madubi suna yin irin wannan aikin ba tare da ɓata jiki ba, kuma sun fi dacewa da watannin Disamba da Janairu, lokacin da hunturu yake hana a tuɓe yaro, fata kuma ta tsage har ruwan zoɓo ya yi mata zafi.

Gwajin ɗigo da yadda za a fassara shi

Wadda take son ta ga inda yaro ya kai tana iya gwadawa daga wata 15, sau ɗaya a wata. A yi kamar ana share masa fuska, a bar ɗan ɗigon jan talge mai ɗumin jiki a goshinsa yadda ba zai ji ba, a bar shi ya yi wasa na minti ɗaya, sannan a kai shi gaban madubi a yi shiru. Idan ya kai hannu goshinsa, ya gane. Sau da yawa tare da wannan akan ga ya sunne kai yana murmushi, ko ya ɓoye fuska a zanin mai reno, domin jin kunya yana fitowa ne kusan lokaci guda da gane kai, haka ma faɗin «nawa» da kiran sunansa da bakinsa.

Idan bai taɓa ba, kada a yanke masa hukunci, kuma wannan ya shafe mu fiye da Turawan da suka ƙirƙiro gwajin. A wani bincike da Tanya Broesch da abokan aikinta suka fitar a 2011, cikin yara 82 da aka gwada a karkarar Kenya 2 ne kacal suka taɓa alamar, alhali wasunsu sun kai shekara 6. Yawancinsu tsayawa suka yi ƙiƙam suna kallon kansu. Ba wanda zai ce ɗan shekara 6 bai san fuskarsa ba. Heidi Keller da abokan aikinta kuma sun kwatanta 'ya'yan manoman Nso na Kamaru da 'ya'yan birni a Girka a 2004, suka ga cewa na Girka sun riga gane kansu a madubi, na Nso kuwa sun riga iya bin umarni da kame kai. Yaron da ya tashi a goye, wanda aka saba yi masa ɗigo a goshi ana hana shi gogewa, aka kuma koya masa nutsuwa a gaban manya, yana iya ganin jan nan sarai ya bar shi, domin a saninsa abin da babba ya sa ba a cirewa. A irin wannan hali sai a miƙa masa ƙyalle a ce, «Goge.» Inda ya kai ƙyallen shi ne amsar. Kada kuma mai reno ta riƙa gaya wa wata uwa cewa ɗan wance ya riga nata, tazarar wata 15 zuwa 24 duk lafiya ce.

Idan yaran suna da yawa

A gidan reno kada a zaunar da fiye da yara uku a gaban madubi lokaci ɗaya, kowanne da tirensa da ƙyallen goge hannunsa. Zama biyu-biyu yana da amfani na musamman, domin yaro yana ganin abokinsa a zahiri da kuma cikin madubi, daga nan yake gane cewa ɗaya fuskar da ta rage tasa ce. Mai ciwon ido ko gudawa ko makero ko ƙurajen da ke ruwa ya dakata sai ya warke. A wanke madubin roba da sabulu da ƙyalle mai taushi bayan kowane zama, domin yara suna lasarsa, soson ƙarfe kuwa yana karce shi ya dusashe.

Wake da masara da gero da tsakuwa da duwatsun ado, waɗanda ake zuba wa manyan yara su yi wasa da su, ba na 'yan ƙasa da shekara uku ba ne. Duk abin da faɗinsa bai wuce santimita 3 ba yana iya maƙalewa a maƙogwaro, ƙaramin batir mai kama da maɓalli kuma yana ƙona maƙoshi cikin sa'o'i kaɗan. Bahon wanke hannu a zubar da ruwansa nan take, domin mai rarrafe yana iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba. Kyamarar gaba ta waya ba ta maye gurbin madubi, kuma ƙa'idojin 2019 da aka ambata ba su yarda a ajiye ɗan ƙasa da shekara biyu a gaban allon waya ko talabijin ba. Hoton yaro da launi a fuska yana da ban sha'awa, amma na iyayensa ne, kada ya hau WhatsApp ko Facebook sai da izininsu. Takardun da yaran suka shafa da kansu, idan sun bushe, a manna su a bango daidai tsayin idonsu, kowace da hoton mai ita a gefe in akwai, a cire su bayan mako guda kafin tururuwa da kyankyasai su gano cewa abinci ne.

Lokacin da za a nemi likita

Rashin taɓa ɗigo shi kaɗai ba dalilin zuwa asibiti ba ne, amma mai reno da ke zama fuska da fuska da yaro tana iya riga kowa ganin wasu alamu. Idan ɗan wata uku ba ya bin fuska ko haske da ido, ko ana ganin fari a tsakiyar ƙwayar idonsa, ko ido ɗaya ya ci gaba da karkacewa bayan wata shida, a duba shi. Haka nan idan ya kai wata 9 zuwa 12 ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ba ya gwaranci, ko ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa kuma ba ya faɗin ko kalma ɗaya, ko kuma ya daina wani abin da ya riga ya iya. Sau da yawa matsalar ta kunne ce ko ta ido, kuma gano ta da wuri yana sauƙaƙa magani. Mai reno ta faɗa wa uwa a keɓe abin da ta gani da ranar da ta gani, ba tare da ta laƙaba wa yaron sunan wata cuta ba. A fara da asibitin unguwa inda ake yi masa rigakafi, in akwai buƙata za su tura shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma a tafi da katin rigakafinsa.